Hantsar Goɗiya da Rayuwar Duƙushi a Ƙasar Rijau

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kontagora ya san inda idon jama'a ke sauka: kan ingarman da ya sha jalala da kwalliya, da mahayin da ya iya zaman sirdi. Hakimai su zo daga Rijau da Mariga da Magama da sauran ƙasashen masarautar, kowa da nasa akawal ko kili, a yi gaisuwa a watse. A cikin wannan jeri da wuya ka hangi goɗiya, don a al'adarmu namiji ake hawa. Ita tana can ƙauye, a ɗaure a gindin bishiya ko tana bin garken shanu, ba a tuna ta sai an ga ciki ya fito. Alhali kowane ingarman da ake yi wa kirari ya taɓa zama duƙushi mai rawar ƙafa, wanda rayuwarsa ta rataya a kan abin da ya samu a hantsar uwarsa cikin yinin farko.

Da doki aka kafa masarautar nan. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya samu sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora a 1864, kuma da rundunar dawakai shi da magadansa suka riƙe ƙasar har Turawa suka ci garin a 1901. Sai dai ƙasar ba ta shahara da haihuwar dawaki ba. Daga arewa ake kawo su, ƙasashen Sakkwato da Gobir da Azbin da Barno, inda ruwan sama bai yi yawa ba, ƙudan tsando kuma bai samu wurin zama ba. Har gobe mai neman doki na kirki kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari yake dosa. A nan kuwa, daga Rijau zuwa Dukku da Tungan Magajiya har iyakar Zuru da Yawuri, ciyawa ta wadata, amma tare take zuwa da kaska da bobuwa da sammore. Wanda ya ɗaure goɗiya a nan don ta haifa masa ya ɗauki aiki mai wuya, kuma mutuwar duƙushi ɗaya ba ƙaramar asara ba ce: wata goma sha ɗaya na ciki, da kuɗin baye, da harawar shekara guda.

Inda nake ganin gizo ke saƙa shi ne, da idon saniya muke kallon goɗiya. Ilimin hantsa da ke ƙasar nan na Fulani ne, kuma ilimi ne na gaske, don matar da ke tatsa kullum hannunta kan ji canji tun ido bai gani ba. Goɗiya kuwa ba mai tatsarta. Ba mai sunkuyawa ya leƙa ƙarƙashinta, kowa na tsoron harbi. Sai matsala ta kwana biyu ko uku tana cin duƙushi kafin a farga, in an farga kuma a ɗauko maganin shanu, wanda wani lokaci shi ne zai ƙarasa uwar.

Saniya kan nono huɗu gare ta, kowane da ƙofa ɗaya, da hantsa mai tara nono ta ajiye. Goɗiya biyu gare ta, dama da hagu, kowane da ƙananan ƙofofi biyu, wani lokaci uku, kuma kowace ƙofa daga nata ɓangaren take fitowa. Hantsar ƙarama ce, a ɓoye can cikin matse-matsi, abin da take riƙewa lokaci guda bai cika wuce lita biyu ba. Duk da haka goɗiya mai ƙoshi kan samar da nonon da ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin jikinta kowace rana, wato irin namu masu kilo 300 zuwa 350 za su ba da lita shida zuwa goma. Sirrin shi ne duƙushi ba ya barin hantsar ta cika. A makon farko yakan kama nono sau huɗu zuwa bakwai a awa guda, ya sha na minti ɗaya ko biyu ya saki. Wannan yawan tsotso shi ke wanke ƙofofin, shi ya sa ciwon hantsa bai yawaita a goɗiya kamar yadda ya yawaita a saniya ba. Shi ne kuma ya sa in aka yi wa duƙushi irin ta maraƙi, aka ɗaure shi a gida aka tafi kiwo da uwar, an cuci duka biyun.

Dakashi

Jaririn ɗan Adam yana samun garkuwar jiki daga jinin uwarsa tun yana ciki. Duƙushi ba ya samun ko ƙwayar zarra, domin mabiyiyar goɗiya ba ta barin sinadaran garkuwa su ƙetara zuwa gare shi. Yana faɗowa duniya ne fanko, a kan ƙasar barga mai kashi da fitsari, da ɗanyar cibiya a buɗe. Duk garkuwar da zai rayu da ita har wata biyu ko uku, kafin jikinsa ya ƙera tasa, tana cikin dakashi, nonon farko. Hanjinsa kuma na ɗan lokaci ne yake iya shigar da waɗannan sinadarai cikin jini. Awa shida zuwa takwas na farko ƙofa a buɗe take. Bayan awa goma sha biyu ta soma rufewa, in aka cika awa 24 ta rufe ruf, ko tulu guda ya sha daga nan abinci ne kawai. Goɗiya kuma sau ɗaya take haɗa dakashi a kowane ciki, kimanin lita biyu. In ya zube ya zube.

Likitocin dawaki suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duƙushi ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. In awa uku ta wuce bai sha ba, ba a zauna jira ba, tatsa za a yi a ba shi. Ana son ya samu lita ɗaya zuwa biyu kafin awa takwas. Kuma a tabbata sha yake yi. Duƙushi kan cusa kai cikin matse-matsi ya yi ta tsotsar fatar cinya ko gefen hantsa, mai kallo daga nesa ya ce alhamdu lillahi ya kama. Sai an durƙusa an ga kan nono a bakinsa, an ga maƙogwaro na motsi, sannan a yarda.

Gane dakashi mai kyau ba ya buƙatar na'ura. A matso ɗigo biyu ko uku a tafin hannu tun duƙushi bai sha ba. Mai kyau ruwan ɗorawa ne, da kauri, in ka taɓa shi da yatsa biyu ka buɗe sai ka ji danƙo yana ja, ya bushe a fata yana ɗamewa. In ya fito fari tas, tsararo, ya gangara ta tsakanin yatsu, to nono ne kawai, garkuwar ta tafi ko ba ta taru ba. Inda ake da hali, ƙaramar na'urar nan ta auna zaƙin zuma da ruwan rake tana aiki: dakashin da ya nuna 23 zuwa sama mai kyau ne. A manyan asibitocin dabbobi kuma akan ɗebi jinin duƙushi bayan awa 12 zuwa 24 a auna garkuwar. Miligiram 800 zuwa sama a kowace desilita ya wadatar, ƙasa da 400 kuwa haɗari ne, kuma maganinsa a wannan mataki ƙarin ruwan jini ne ta jijiya. Mai goɗiya a Rijau da wuya ya kai duƙushin kwana ɗaya asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kan lokaci. Don haka a wurinmu awa takwas ɗin nan na farko su ne asibitin.

Tsohuwar al'adar nan ta matse dakashi a zubar wai datti ne, wadda ma'aikatan lafiya suka daɗe suna yaƙa a ɗakin mai jego, bai kamata ta samu mafaka a barga ba. Haka ɗura wa sabon duƙushi ruwan kanwa ko madarar shanu kafin ya sha na uwarsa. Duk abin da ya riga dakashi shiga ciki yana gaggauta rufewar hanji.

Duƙushin da ya rasa dakashi ba nan take yake nunawa ba, abin da ke ruɗar mutane ke nan. Zai yi tsalle-tsallensa kwana biyu, wani ma mako guda. Sannan cibiya ta kumbura, ko gwiwa ɗaya ta yi zafi ya soma ɗingishi a ce uwar ce ta taka shi, ko zawo ya kama shi, ko numfashi ya sarƙe. Duk cuta ɗaya ce, ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini ba mai tare su. Ɗingishi a duƙushin da bai yi wata ba, a ɗauke shi ciwon gaɓa har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Babbar hanyar asarar dakashi ita ce zubar nono kafin haihuwa. A ƙa'ida hantsa kan soma girma mako biyu zuwa shida kafin ranar, kan nono ya cika a kwanakin ƙarshe, sannan kwana ɗaya ko biyu kafin naƙuda wani ɗan daskararren ɗigo mai kama da kaki ya tsaya a bakinsa. Wannan duk lafiya ne. Amma goɗiyar da nono ke tsiyaya a ƙafafunta kwana da kwanaki, gashin ƙafa ya manne, ƙuda na bi, garkuwar ɗanta ce ke zuba ƙasa. In haihuwa ta kusa, a tatsa a ajiye a wuri mai sanyi. In kuwa hantsa ta cika tun ciki na wata takwas ko tara, wannan ba albarkar nono ba ce. Galibi alama ce ta ciwo a mabiyiya, ko tagwaye ne ɗaya ya mutu a ciki, kuma ɓari na tafe in ba a nemi likita ba.

Hantsar da ta ƙi kawo ruwa

A Amurka, in goɗiya ta haihu ba nono, abin da ake fara tuhuma wata ciyawa ce mai suna feskiyu, wadda aka gano wani irinta a jihar Kentaki a 1931 aka baza shi ko'ina a makiyaya. Wani naman gwari da ke rayuwa cikinta yana fitar da guba mai danne sinadarin da ke sa hantsa ta yi nono. Cikin ya zarce lokacinsa, mabiyiya ta yi kauri, hantsa ta zauna a yamushe. Maganinsu shi ne janye goɗiya daga ciyawar wata ɗaya zuwa uku kafin haihuwa, da wani magani mai suna domferidon. Mu ba mu da wannan ciyawa, amma dangin gubar na nan kusa da rumbunmu. Akwai cutar da ke kama zangarniyar gero da dawa lokacin fure in damina ta yi lema, ta riƙa fitar da wani danƙo mai zaƙi, daga baya wasu ƙwayoyin su koma baƙaƙe masu tauri. A ƙasar Zimbabuwe ta yau, irin wannan gero ya taɓa busar da nonon aladu har 'ya'yansu suka mutu. Cutar dawa ta yi irin wannan ɓarna ga aladu da shanun tatsa bayan ta shiga Ostireliya a 1996. A kudancin Birazil kuma, cikin shekarun 1980, an ga goɗiyoyi sun rasa nono saboda hatsin da ya gauraya da ɗan'uwan wannan naman gwari. Abin da aka sheƙe aka ware daga hatsi don bai dace da tuwo ba, bai dace da goɗiya mai tsohon ciki ba.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, abin da ya fi busar da hantsa a ƙasar nan yunwa ce da ƙishirwa da ciwon da ke shan jini. Goɗiya mai shayarwa tana buƙatar kusan ninki biyu na abin da take ci da can. A barga kuwa dawa da dusa na ingarma ne, ita sai kara da abin da ta tsinta. Wadda ta haihu a bazara, watan Maris ko Afrilu, lokacin da harawa ta ƙare kuma farashinta ya tashi, da naman jikinta za ta yi nono na 'yan makonni, haƙarƙari ya fito, daga nan hantsa ta janye. Ruwa ma haka: a zafin bazara jarka biyu ba su yi mata yawa ba a yini, ba bokiti ɗaya da la'asar ba. Sammore da cutar da kaska ke sa wa jini da tsutsar ciki kuwa sukan tsotse ta sannu a hankali. A ɗaga leɓe a dubi dasashi, in ya yi fari fat, ba dusa kaɗai take nema ba. A nan ma a yi hattara, allurar sammore da ake yi wa shanu ba ta da sassauci a jikin doki, sai likita ya auna.

Akwai kuma goɗiyar da nonon na nan amma ta riƙe shi, musamman mai haihuwar fari. Hantsa ta kumbura ta yi tauri, kan nono ya shige ciki, duƙushi na taɓawa ta yi ƙara ta ɗaga ƙafa. Zafi take ji, ba ƙiyayya ba ce, kuma bulala ba ta gyara wannan. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a gasa hantsar, a tatsi kaɗan don ta yi laushi, mutum ɗaya ya riƙe ta a kai, wani ya ɗaga mata ƙafar gaba ɗaya, a kawo duƙushi. Cincirindon 'yan kallo a kore su. In kan nonon ya yi gajarta har yatsa ba ya kamawa, a samo babban sirinji mai cin mililita 60, a yanke bakin da ake sa allura, a zare sandar a mayar da ita ta wurin da aka yanke, a ɗora ɗaya bakin mai santsi a kan nonon a ja a hankali. Nono zai bi, kan kuma zai fito. Mai hikima tun ciki na wata tara yake saba wa goɗiya da hannu a wurin, yana wanke baƙin dattin da ke taruwa tsakanin ɓangarorin biyu, wanda kan sa ta yi ta goga gindin wutsiya a jikin garu.

Ciwon hantsa na sosai, wato shigar ƙwayar cuta, yawanci gefe ɗaya yake kamawa. Ƙwayar da ta fi yinsa daga dangin sitireftokokas take, irin da ke zaune a fata da hancin doki. Gefen ya kumbura, ya yi zafi a hannu, kumburin ya gangaro gaba ta ƙarƙashin ciki. Nonon ya fito da gudaji, ko ruwa-ruwa, ko da jini da mugunya. Zafin jikinta ya haura digiri 38.5. Abin da kan ɓatar da mutane shi ne tafiyarta: takan buɗa ƙafar baya ta gefen ciwon don kada cinya ta gogi hantsa, sai a ce targaɗe ne, a yi ta shafa man zafi a ƙafa mai lafiya. Magani shi ne tatse gefen sau da yawa a yini a zubar, a gasa, likita ya ba da maganin zafi da na kashe ƙwayar cuta na kwanakin da suka cika. In za a matsa magani ta kan nono da irin bututun da ake yi wa shanu, a tuna ƙofofi biyu ne, kowace da nata ɗakin, wanda ya sa a ɗaya ya yi rabin aiki. Duƙushi ya ci gaba da shan gefe mai lafiya. In an yi sakaci, gefen da ya kamu kan ƙandare ya mutu har abada, ko da yake goɗiya da yawa kan yi reno da gefe ɗaya in ana ciyar da su sosai.

A nan ƙasar, ƙofar da cutar ta fi shigowa kaska ce. Babbar kaskar nan mai zanen ado a baya, wadda makiyaya suka sani tana jawo wa shanu kirci, da damina take tasowa, kuma wurin da ta fi so shi ne fata mai laushi: hantsa, matse-matsi, ƙarƙashin wutsiya. Bakinta dogo ne, takan nutsa shi ciki. Ka sami huɗu ko biyar sun taru a gindin kan nono, fata ta yi ja ta kumbura kewaye da su. Aka fizge da ƙarfi, bakin ya karye a ciki, ƙurji ya biyo baya, ƙuda ya sauka, wani lokaci har tsutsa. Tabon da zai bari na iya toshe ƙofa ko ya murguɗe kan nonon. Cire ta sai a hankali, a kama ta daf da fata a ja a miƙe, a wanke wurin. Kananzir da baƙin mai da wasu ke shafawa suna ƙona fata, kuma duƙushi ne zai lashe. Babban kashedi kuwa shi ne maganin wankan shanu mai sinadarin amitiraz, wanda ya cika kasuwanninmu. A shanu yana aiki lafiya lau. A doki yana tsayar da hanji cak, dabba ta yi ta layi, ciki ya ƙulle, sau da yawa har mutuwa. Duk kwalbar da za a kusantar da doki a karanta abin da ke cikinta, in ba a iya ba a kai wa malamin dabbobi ya duba.

Sauran matsalolin ba su da yawa. Ƙari kan fito a hantsa, musamman baƙin ƙarin da ke bin tsofaffin dawaki kili. Maruru kan taso daga ciwon jijiyoyin ƙafa ya kai can. Akwai kuma wata cutar da ake ɗauka wurin baye, sananniya a Habasha da kudancin Afirka, mai kumbura hantsa da al'aura. Kumburin da ke zuwa daf da haihuwa, mai sanyi, wanda yatsa ke lotsawa, shi ba ciwo ba ne, 'yar tafiya safe da yamma kan sauke shi.

Karanta hantsa a jikin duƙushi

Tun da goɗiya ba ta son hannu, duƙushi ne zai ba ka labari. Wanda ya ƙoshi yana sha, ya yi fitsari fari kamar ruwa sau da yawa, ya ɗan yi wasa, ya miƙe a ƙasa ya yi barci. Mai jin yunwa ba ya kwanciya. Kullum yana ƙarƙashin uwar, yana tunkurar hantsa da kai, ya bar wannan kan ya koma wancan, fitsarinsa kaɗan ne kuma ja, kwiɓinsa ya faɗa, har ka gan shi yana shan ruwan kwatami ko yana tauna kara tun bai yi mako ba.

Ɗaya hoton shi ne mai yaudara. Yaron barga zai zo da fara'a ya ce, "Ranka ya daɗe, goɗiyar nan Allah ya yi mata nono, har feshi yake yi, duk fuskar ɗan ta yi fari." Maigida ya ce madalla. Alhali hantsar da ta cika tam har tana feshi shaida ce cewa ba a sha ba. Duƙushin na zuwa ya tsaya a ƙarƙashi bisa sabo, nono ya zubo masa a goshi ya bushe, shi kuwa ba shi da ƙarfin tsotsa. Wannan ce alamar farko ta duƙushi marar lafiya, takan riga zazzaɓi bayyana, kuma a wannan ƙuruciya tsakanin rashin kuzari da mutuwa bai fi yini guda ba. Shi kuwa ɗan zawon da kan zo tsakanin kwana bakwai da goma sha biyu, duƙushi na shan nononsa yana wasansa, ba laifin nono ba ne, wanke masa gindi kawai za a yi.

Akwai wani yanayi da ba kasafai ake gani ba, inda hantsa lafiya, dakashi mai kyau, amma shi ne guba. In jinin duƙushi ya bi na ubansa kuma jikin uwar ya riga ya ƙera garkuwa a kan irin wannan jini, dakashin zai farfasa jinin ɗan. Cikin kwana ɗaya zuwa huɗu ya yi laushi, ido da dasashi su yi shawara, fitsari ya yi ja. A tsakanin dawaki kashi 1 zuwa 2 ne cikin ɗari, amma in jaki ne ya baye goɗiya don a sami alfadari, abin kan kai kusan ɗaya cikin goma. Goɗiyar da ta taɓa yin haka za ta iya maimaitawa. A haihuwa ta gaba sai a sa wa ɗan takunkumi na awa 36 zuwa 48, a ba shi dakashin wata, ita kuma a riƙa tatse nata ana zubarwa, sannan a sake shi ya sha.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da kowa ke yi: in nonon uwa ya gagara, me za a ba shi? Na farko dakashin wata goɗiyar. Inda ake da firiza mai aiki da hasken rana, masu dawaki na gari ɗaya za su iya ɗibar mililita 250 daga kowace goɗiya mai yalwa bayan ɗanta ya sha, su daskarar, yana kai shekara. Narkar da shi da ruwan ɗumi ake yi, tafasa na kashe shi. In babu, dakashin saniyar da ta haihu a ranar ya fi babu, ko da yake kariyarsa ba ta daɗewa. Bayan yinin farko, wata goɗiya mai shayarwa ita ce gaba da komai, sai nonon jaka, wanda ya fi kowane kama da na goɗiya, sai na akuya. Madarar shanu tsura kan sa zawo, don nonon goɗiya maiƙonsa kashi 1 zuwa 2 ne cikin ɗari, zaƙinsa 6 zuwa 7, na shanunmu kuwa maiƙo ya ninka haka, zaƙi bai kai ba. Sai a bar ta ta kwanta a yaɗe rabin man, a zuba giram 20 na gulukos a kowace lita. Ban da sukarin shayi, cikin sabon duƙushi ba ya narkar da shi. Duƙushi mai kilo 30 zai fara da kimanin lita uku a yini, a riƙa ƙarawa har lita shida ko bakwai, ana ba shi kowace awa ɗaya ko biyu, dare da rana. Kada a ɗaga masa kai sama a ɗura, madara za ta bi huhu. In ya koyi sha a kwano tun da wuri, an huta.

Tun da garkuwar da ke jinin uwa ita ke sauka cikin dakashi, allurar rigakafin sarƙe-haƙora da aka yi wa goɗiya mako huɗu zuwa shida kafin haihuwa ta rufe ɗan ma. Kuma kada a sauya mata wuri ana saura kwana kaɗan, a bar ta ta yi wata guda a inda za ta haihu, don jikinta ya san ƙwayoyin cutar wurin.

Lokacin haihuwa ma zaɓi ne, ko da yake mun saba barin sa ga sa'a. Haihuwar farkon damina na samun ɗanyar ciyawa, amma tana faɗawa tsakiyar kaska da ƙuda. Ta bazara na faɗawa yunwa. A ganina, ga mai goɗiya a ƙasar Rijau, kaka ta fi: a yi baye a Nuwamba ko Disamba, ta haihu a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suka cika gari, dusa ta yi araha, kaska ta ja baya. Sharaɗin shi ne a tanadi harawar da za ta kai ta yaye, don yayen zai faɗo ne a bazara. Ana yaye a wata biyar ko shida, kuma makonnin da ke biye su ne lokacin da ciwon hantsa ya fi kama goɗiya, saboda nono ya taru ba mai sha. A janye mata hatsi kwanaki kafin ranar, a bar ta tana yawo, kada a yi ta tatsa don tausayi, tatsa na kiran wani nonon. A dai riƙa taɓawa kullum har hantsar ta yamushe.

Mai sayen goɗiya a kasuwa kuwa yakan buɗe baki ya ƙirga haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a yi sukuwa da ita ya gani. In don haihuwa yake saye, ya ƙara abu ɗaya. Ya tsaya daf da kwiɓinta yana fuskantar baya, ya ɗora hannu a gadon baya ya gangaro da shi a hankali har hantsa, ya ji ko gefen biyu daidai suke, ko akwai tauri ko tabo, ko kan nono biyun duk sun fito. Gefe ɗaya da ya ƙandare dalili ne na rage kuɗi da tambayar dillali ina 'ya'yanta na baya. In duka biyun ne, a bar wa mai neman ta aikin gona.